Janar ɗin Hunturu da Tsintsiyarsa Mai Leda

Duk wanda ya taɓa cin hunturu a zangon motocin gida da ke bakin kogi, kudu da Bismarck, ya san Wendell Bakke. In bai gan shi ba, to ya ji shi, don muryarsa kan riga shi isa ko'ina. Allah ya yi mana baiwa da mutumin nan. Wasu zanguna suna taƙama da injin kwashe dusar ƙanƙara, wasu da shago. Mu Wendell muka samu, bawan Allah da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da katifu a kanti mai ɗumi, ya yi ritaya, ya wayi gari ya fi kowa a Dakota ta Arewa sanin sanyi.

Janar ɗin Hunturu ake ce masa. Arlo Fenske, tsohon direban tirela da ke maƙwabtaka da shi, shi ya laƙa masa sunan don tsokana. Wendell kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka ɗinka masa shi a goshin hula.

Janar ba ya yawo hannu sake. Tasa sandar girman tsintsiya ce mai doguwar ƙota, irin wadda ake share rufin kumatu da ita, wato ɗakunan nan da ke turowa waje ta gefen mota in an danna maɓalli, gida ya ƙara faɗi. Da ita yake nuni, da ita yake gaisuwa, da ita yake ƙwanƙwasa wa mutane ƙofa da sassafe ya sanar da su an yi dusa, alhali kowa na da taga. Abin burgewar kuma, ledar da aka naɗe kanta da ita a kanti tana nan ba a cire ba. Wendell mutum ne mai tattalin kaya.

Ran Lahadi bayan coci, mutanen zango kan taru a ɗakin wanki, don shi kaɗai ke ɗaukar kowa. Mata su kawo gasasshen dankali da nama da cuku, maza su kawo kofi da ƙarya. Da an fara ci sai Janar ya miƙe, ya jingina da injin busar da kaya, ya gyara murya.

"Jama'a, ku buɗe kunne, ba kullum ake samun irina kyauta ba. Dusar ƙanƙara baƙuwa ce marar tarbiyya. Ka bar ta ta kwana a kan kumatunka, rana ta taɓa ta ta narke, sanyi ya dawo ta daskare, ta cije robar bakin ɗaki. Ka ja ɗakin ciki a haka, ka ja wa kanka kogi. Saboda haka a hau, a share, a duba! Wanda bai hau tsani ba, kada ya kuskura ya taɓa maɓalli."

Maganar gaskiya ce tsantsa, shi ya sa kowa ya riga ya san ta.

Arlo ya haɗiye dankalinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, kai yaushe rabonka da tsani?"

"Arlo, ka taɓa ganin janar yana haƙa rami? Ni motata ta wuce shara. Ƙure hita nake yi, ɗumi ya hau sama, dusa ta narke ta kama gabanta. Wannan ilimi ne. Ba a koyonsa a kan sitiyarin tirela."

"Allah ya ƙara basira, Janar."

"Amin," in ji Wendell, bai ji komai a ciki ba.

Al'adar zango ce, da rediyo ta ce guguwar dusa na tafe, kowa ya ja kumatunsa ciki, a matsu, a yi haƙuri da gwiwar juna har ta wuce. Wendell dai ba ya ja. Ya ce wannan aikin matsorata ne. Dalilin da bai faɗa ba shi ne, in motarsa ta tsuke kumatu, tsawonta da faɗinta ɗaya da ta Arlo. In kuwa ta bubbuɗe, babu kamarta a zango. Haka take tsaye duk hunturu a kumbure, tamkar mai ita. Daga ƙasa kuma sai ka rantse dabararsa na aiki: rufin kowa da farar hula, nasa babu. Sai dai tsinkayen ƙanƙara da ke reto a gefe, waɗanda yake kakkaɓewa da gindin tsintsiya yana ce musu ado.

To, a wannan hunturun akwai abin da ya fi ƙanƙara cin ransa. Jikarsa Tessa za ta yi aure a Texas, kusa da San Antonio. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, don haka Wendell ne zai riƙe hannunta ya taka da ita har gaban fasto. A nan kam babu zolaya, yana son yarinyar nan kamar ransa. Ya je gari ya sayo farar kwat, fara sol, da wando da taye. Matarsa Lorna, wadda ta daɗe tana sauraronsa har ta ƙware a saƙa, ta ce a rataye ta.

"Rataya? Lorna, kafaɗa ake kashewa. Kwat irin wannan kwantar da ita ake yi. Ni da na yi rayuwata a harkar kwanciya za ki koya wa?"

Ya shimfiɗe ta a kan gadonsu, wanda ke cikin kuncin baya, bisa jan bargon da Lorna ta saƙa ta rina da hannunta. Ya miƙe mata hannuwa, ya gyara mata wuya. Ya kashe hitar ɗakin, wai ɗumi na sa yadi ya saki, ya rufe ƙofa ya kafa doka: babu mai buɗewa sai a Texas. Shi da Lorna suka koma kwana a kujerar gaba, kwat ta gaje gado.

Tessa ta kira shi a waya. "Kaka, ka dai iso da wuri. In ka makara, wallahi kare zan riƙe ya raka ni."

"Ke tafi can! Ki gaya wa angon naki ya tsaya nesa da ni a hoto, kada a rasa wanda ake aura."

Ana gab da tafiya aka tafka dusa mai yawa, rana ta fito ta yi murmushi, sanyi ya dawo da fushi. Safiyar tashi, zango ya fito rakiya, kowa da kofinsa yana hayaƙi. Sai ga Arlo da tsani a kafaɗa.

"Janar, bari in leƙa maka sama. Leƙe kawai."

Lorna ta matso ta rage murya. "Wendell, ka bar shi ya hau mana. Me zai rage ka da shi?"

Wendell ya dubi tsanin. Gaskiyar da bai taɓa faɗa wa kowa ba, tsani tsoro yake ba shi. Wani abu a ƙirjinsa ya ce masa ya bar Arlo ya hau. Amma ga jama'a a tsaye, ga hula a kansa da rubutu a goshi. In Arlo ya hau ya sauko da ko dunƙule ɗaya, ran Lahadi wa zai ƙara jingina da injin busar da kaya?

"Arlo, mayar da katakonka. Jama'a, ku matso ku ga yadda ilimi ke aiki."

Ya shiga ya danna maɓalli. Kumatun gaba suka yi ɗan gunaguni suka shige. Na baya ya taho, ya yi nishi, ya cije. Wendell ya ƙara dannawa, ya ɗora da babban yatsa na biyu. Aka ji wani ƙaras, kamar an taka faranti, ɗakin ya zabura ya shige ciki gaba ɗaya.

Janar ya leƙo ta taga fuska na sheƙi. "Kun gani? Ko tsinke ban ɗaga ba!"

Ya sara musu, ya ja mota. Arlo ya bi bayanta da kallo, ya kurɓi kofi ya ce, "To ina ƙanƙarar ta tafi? Ni dai ban ga ta faɗo ba."

Ai kuwa ba ta faɗo ba. Duk dusar da hitar Wendell ta narkar tun farkon hunturu ba ta je ko'ina ba. Kwanciya ta yi a kan rufin ɗakin, ta daskare shimfiɗe, faifai guda mai kauri, haɗe da ganyaye da ƙurar zango. Ta yage roba ta shige tare da ɗakin, ta sami wuri daidai saman gado ta zauna. Fasinja ce da ba ta biya ba.

A Dakota ta Kudu ba ta motsa ba. A Nebraska ma haka. Da suka shiga Oklahoma, rana ta fara taɓa jikin mota, Wendell ya cire rigar sanyi yana waƙa. Lorna ta ajiye saƙa ta karkata kunne.

"Wendell, kana jin wani ɗis-ɗis a baya?"

"Inji ne ke shan iska. Ke dai yi saƙarki."

"In leƙa?"

"Doka doka ce, Lorna."

Suka isa gonar iyayen ango da hantsin ranar biki. An kafa rumfuna, ana gasa nama, makaɗa na gwada jita. Wendell ya sauko da hula da tsintsiya, ya rungume Tessa, kafin a ba shi ruwa ya tara surukai.

"Ku mutanen nan ba ku san duniya ba. Inda muka fito, in ka yi magana a waje sai ka shiga ɗaki ta narke kafin a ji. Amma ni da kuke gani, ban taɓa barin ɗigo ɗaya ya shigo mini gida ba. Ku zo ku ga kwat ɗin da zan ba da 'yata a ciki."

Suka bi shi ciki a jere. Ya kama marikin ƙofar ɗaki, ya juyo ya yi musu murmushi, ya buɗe.

Ruwa ne ya fara fitowa gaishe su, ya bi ta kan takalmansa. Kwat na nan kwance yadda ya bar ta, hannuwa a miƙe, sai dai ta sha ta ƙoshi. Jan bargon Lorna ya raba mata launinsa ba rowa: nan ja, can ruwan hoda, wuya kamar an yi ɓarin miya. Ganyayen Dakota sun manne a aljihu. Suna tsaye sauran faifan ƙanƙarar ya sulmiyo daga sama, ya faɗo tim a kan ƙirjinta.

Wendell ya saki marikin ƙofar. Ba surukan yake ji ba. Tessa yake kallo, zuciyarsa ta karye, don ya san ya ɓata wa yarinyar ranarta.

Ita kuwa ta toshe baki, kafaɗunta na rawa, can ta fashe da dariya har da hawaye. "Kaka! Ashe tsaraba ka kawo mini! Ka san rabona da ganin ƙanƙarar gida?" Ta kama hannunsa ta riƙe gam. "Ko a buhu ka zo, kai za ka kai ni. Bari a aro maka riga."

Aka aro ta wani makaɗi, baƙa mai zanen furanni, hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Kafin ya saka, Lorna ta zare tsintsiyar daga hammatarsa. Ta sa haƙori ta yage ledar, ta miƙa masa.

"Ungo, Janar. Gefen mai gashin shi ake sawa a ƙasa."

Haka tsintsiyar nan ta fara taɓa dusar Dakota: a Texas, da rana tsaka, bayan ta zama ruwa. Wendell na korar ruwan zuwa bakin ƙofa, wando a naɗe, yana yi wa surukai bayanin yadda ake riƙe ta.