Yadda Za Ka Binciki Kasuwa Kana Kwance a Kan Katifa

Ɗalibin kasuwanci, albishirinka! Malama ta ce ka zaɓi titi guda, ka bi shi gida-gida kana tambayar mutane, sannan ka rubuto rahoto ko wata sana'a za ta karɓu a wurin? Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawarin rahoto mai kauri, mai bango mai ƙyalli, ba tare da rana ta ga goshinka ba. An gwada hanyar, ta kuma yi aiki. Wanda ya gwada ta ɗan ajin ƙarshe ne da abokansa ke kira Manaja, don tun shekarar farko yake zuwa aji da kwat da jakar hannu wadda babu komai a ciki sai caja.

Mataki na 1: Samo wanda ya yarda da kai

Ɗan uwa ya fi, don ba ya tambayar hujja. Manaja yayarsa ya samu. Shekaru tana wanki da guga a tsakar gida, har ta ga wani shago a wani titi, ranta ya kwanta da shi.

"Ƙanena, tunda kai ka yi karatun abin, duba min wurin nan kafin in kama haya. In ka ce in shiga, in shiga."

"Haba Yaya, ai fannina ne. Ki ɗauka an gama."

Ka gani? Aikin makaranta da aikin gida sun haɗu a faifai ɗaya.

Mataki na 2: Kwanta

Ka gyara filo, ka buɗe manhajar ƙirƙirarriyar basira a wayarka, ka ce ta rubuto maka yadda kasuwar wanki da guga take a titin. Kada ka damu da cewa ba ta taɓa taka titin ba. Kai ma ai ba ka taɓa ba, kun yi daidai.

Mataki na 3: Goge gargaɗin

A nan ake gane ƙwararre. Manhajar tana da wata ɗabi'a mai ban haushi: takan faɗi gaskiya game da kanta. Ta ce wa Manaja ba ta da labarin wannan titi, abin da ta rubuta hasashe ne, ya je ya duba da idonsa, musamman batun ruwa da wuta. Layi biyu ne kawai a ƙasan shafi. Ya sa yatsa ya share su, rahoto ya yi fes. Inda ta ce "mai yiwuwa akwai ruwa", ya cire "mai yiwuwa", ya ƙara "wadatacce". Ka tuna, babban ɗan kasuwa ba ya kokwanto, ko da bai san komai ba.

Mataki na 4: Haifi mutanen da ka yi hira da su

Mutanen gaske suna da matsala. Wani barci yake, wani ya ɗauke ka mai karɓar haraji, wata ta leƙo ta taga ta ce maigidan ba ya nan. Ka ce wa manhajar ta ba ka misalin amsoshin da mazauna titi za su iya bayarwa, sai ka cire kalmar "misali". Na Manaja sun fito masu ladabi, kowa yana magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Har wani tsoho ya ce rashin shagon guga yana hana shi barci.

Yaya ta karanta rahoton a bakin murhu, idonta ya kawo ruwa.

"Allah sarki, wannan tsohon! Ranar buɗewa kyauta zan goge masa."

Washegari ta je ta kama shagon.

Mataki na 5: Tsaya gaban Malama da ƙirji a buɗe

Sa kwat. Yawaita cewa "bincike ya nuna". Manaja ya yi haka, 'yan aji har da tafi. Malama ta juya shafukan a hankali, ta sauke tabarau.

"Manaja, mutum nawa ne suka kore ka?"

"Kora, Malama? Babu ko ɗaya."

"Babu wanda ya ce ba shi da lokaci? Babu kare? To, ni wannan titi zan koma da zama. Ka kawo min tsohon nan da ba ya barci, mu gaisa. Ban hana kowa aiki da manhaja ba, ni ma ina yi. Amma sunanka na gani a bango, ba nata ba. Kai za ka amsa."

In haka ta same ka, ka ce tsohon ya yi tafiya. Manaja ya faɗa. Malama ta ce za ta jira, makinsa ma zai jira.

Mataki na 6: Raka yayarka buɗe shago

Ka riƙe mata bokiti, ka yaba fentin shagon. Yaya ta jera baho, ta zuba garin sabulu, ta yi bisimilla, ta murɗa famfo. Famfo ya yi tari sau ɗaya kamar mai neman gafara, ya yi shiru. Ta sake murɗawa. Gizo-gizo ya fito ya duba wa ke damunsa.

Ta juyo a hankali.

"Ƙanena, a wane shafi ne ka ce ruwan yake?"

"Yaya, a bisa hasashen..."

"Cire kwat ɗin nan, kada ya jiƙe. Ga jarkoki can."

Mataki na 7: Girbi amfanin iliminka

Yanzu kullum kafin ya tafi aji, Manaja yana tura baron jarkoki daga rijiyar burtsatse da ke ƙarshen titin zuwa shagon Yaya. Ya san mai kanti, ya san telan kusurwa, ya san gidan da ke da kare, karen ma ya san shi. A layin ɗiban ruwa ya ji wa ke wanki da kansa, wa ke kaiwa, da dalili. Da yamma yakan zuba abin da ya ji a manhajar ta taya shi tsarawa, ya bi layi-layi yana gyara mata. Gargaɗin kuwa ya daina gogewa. Tsohon da ba ya barci ne kawai har yau bai ci karo da shi ba, kuma Yaya takan tambaya.

A kula: Mai wannan rubutu ba shi da hannu a makin da aka riƙe, ko kafaɗar da ta yi tsami, ko yayar da ta daina kiran mutum Manaja ta koma kiransa Mai Ruwa. Kada kuma a kai ƙarar manhajar. Ita ta faɗa, kai ka goge.