Moto Mai Kalar Hukuma

"...da gajiya, da rana? Sannu da zuwa, shef. Wa aka zo kamawa?"

Salima ce ke gaisuwar, ko kai ba ta ɗaga daga keken ɗinkinta ba. Garzali ya kafe motonsa a bakin rumfar.

Garzali mai sayen aya ne a Gazawa. Shekara tara ke nan yana zaga ƙauyuka a kan moton nan, har tsatsa ta fara cin sa. Makanikinsa ya ba shi labarin wani fenti da ake yi a Maradi: gari ne, ake fesa wa ƙarfe da kuran, wato wutar lantarki, a gasa shi cikin tanda, ya kama kam. Sai ya sa aka kwance tanki da ƙarafan tayoyi da murafunsu, ya zuba a buhu, ya damƙa wa Salima, ɗiyar kawunsa kuma taubashiyarsa, tunda duk mako tana zuwa can saro yadi. Ya ce mata ja yake so. Buhu ya dawo da kore mai duhu, irin wanda mutum ke gani ya tuna da masu kaki. Kwana shida ke nan da haɗa moton, kuma bai sayi ko tiya ɗaya ta aya ba, kwanon awo guda ke nan.

"Salima, mi na ce maki ranar da na ba ki buhu?"

"Ka ce, 'Uwar ɗakina, ki taimaki bawanki.'"

"Ja na ce. Ja! Har hular kaina na nuna maki."

"Hular tana da datti. Ni kore na gani."

Garzali ya jawo benci ya zauna, ya fara lissafa mata abin da ya same shi, murya a kwance kamar mai ba da labarin mutuwa.

"Litinin na shiga ƙauyen su Jaye. Tun daga nesa maza suka haura dangogi. Jaye da muke cin tuwo akushi ɗaya, matarshi ta leƙo ta ce mani ya yi tahiya, alhali ga takalmanshi a ƙohwar ɗaki."

"Wataƙila ba takalmi ya tahi."

"Talata mai ya ƙare mani a hanya. Na hango mai esansi da kwalabenshi, kahin in ƙarasa ya kwashe teburin ya yi cikin gero. Kilo huɗu na tura moton nan."

"Ka ga amfani. Tumbin nan dama ya fara hana ka ruku'u."

"Jiya wani tsoho da jaki ya tare ni, ya sauke buhu, ya ce taliya ce kwali biyu kawai, in yi mashi rai. Na ce ni Garzali ne mai aya. Ya ce ya sani, haka kuke cewa."

Salima ta ciji zare ta yanke, ta gyara yadin.

"To mi kake so? Da, in ka shigo gari yara na cewa ga mai gwangwani nan. Yau dattawa na sauke maka kaya. Na ɗaga ka daga bawa zuwa hukuma cikin mako guda, ko godiya babu. Ɗan mace ke nan, ko ka goya shi sai ya ce zanen ya matse shi."

"Laihina ne da na ba kura ajiyar nama. Ke da ko rigar angonci aka kawo maki, hannu ɗaya sai ya hi ɗaya tsawo."

"Taka ce kawai. Hannuwan naka na auna."

"Na kai ma makaniki ya kankare. Ya sa wuƙa, ya sa takardar goge ƙarhe, ya yi zuhwa, ya ce wannan sai dai a maida shi Maradi a ci shi da yashi."

"Ai na gaya ma mai tandar ya gasa shi da kyau, mai shi ba ya wanka, kada dattinshi ya kama."

Nan Garzali ya daina wasa. Ya ce kakar aya ce, wata guda kawai gare shi, in ya wuce sai baɗi, kuma gidansa baki bakwai ne. Salima ta tsayar da keke, ta dube shi a karon farko.

"Motoci nawa aka ƙwace a hanyar ƙauyukan nan tun azumi?"

"Ukku."

"Wace kala?"

Garzali ya sosa ƙeya.

"Na Safiyanu abokinka ja ne, sabo hul. Tun da ɓarayi suka tare shi, hannunshi na dama ba ya ɗaga cokali. Daren da zan tahi Maradi Goggo, innarka, ta zo nan da sandarta, ta ce, 'Salima, yaron nan zai yi ma moto kwalliya ya kai ma ɓarayi. Ki yi mashi kalar da ba wanda zai so.' In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shahwa ma naka ruwa. Kai ba ka da gemun ma, shi ya sa muka shahwa maka."

"Inna ce ta sa ki?"

"Ita ta ce a ɓata. Zaɓen kala kuma nawa ne, kada ka rage mani lada."

Garzali ya waiga ya dubi moton. Ya tuna ranar kasuwar Agiye ya manta makulli a jiki tun hantsi har la'asar, ya dawo ya tarar ko ƙuda bai sauka a kai ba, har wani ya matsar da amalankensa don ya ba shi inuwa. Bai gaya mata wannan ba. Ya san idan ta ji, har jikokinsa sai sun sha labarin.

"To ɓarayi sun bar ni, masu aya ma sun bar ni. Mi za ni ci? Kalar?"

Salima ta sunkuya ƙarƙashin keken ta zaro wani abu ta jefa masa a cinya. Rigar sirdin moto ce, ta ragowar atamfa, ruwan hoda da manyan furanni, an zagaye ta da geza rawaya, har da ƙaramar riga ta tanki.

"Daga nesa ɓarawo ya ga kore ya kauce. Daga kusa manomi ya ga hure ya hito. Ba a taɓa ganin hukuma da geza ba."

"Salima, wannan ai zanen amarya ne. A kan wannan zan ratsa tasha?"

"Ko a ji tsoronka, ko a yi maka dariya. Mai dariya dai yana buɗe rumbu."

Ya juya rigar gaba da baya. Ɗinkin ya yi kyau, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Ya tashi ya ɗaura ta a sirdi, ta zauna daidai kamar da ita aka ƙera moton. Mai shayin da ke tsallaken hanya, wanda kwana shida bai gaishe shi ba, ya leƙo ya ƙyalƙyale da dariya.

"A'a, Garzali! Ashe kai ne? Yaushe bikin?"

Garzali ya so ya ɗaure fuska, abin ya ƙi. Ya yi dariya har ya dafa tanki.

"Shi ke nan, kin ci. Tiyar farko da na saya taki ce."

"Biyu," in ji Salima, ta ci gaba da taka kekenta. "Gezar daban take."