Yadda Na Maƙale a Rumbun Kawu Lawal

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Asabar a Tafoki ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bari ba. Na ɗauki alƙalami ne domin a samu sahihin bayani, saboda labarin da ke yawo a kasuwar Ƙanƙara ya cika ƙarin gishiri.

Bayan na kammala hidimar ƙasa, Allah ya buɗe mini ƙofa biyu a lokaci guda. An ɗauke ni aikin jami'in mulki a wata ma'aikata a Katsina, an kuma gayyace ni tantancewar shiga horon hafsoshin 'yan sanda. Ranar kama aikin da ranar tantancewar duk suka faɗo Litinin ɗaya. Dole in riƙi ɗaya in saki ɗaya.

Zuciyata kuwa tuni ta sa kaki. Na daɗe ina jin takaicin yadda 'yan bindiga suka hana manomanmu sakat, daga Faskari har Sabuwa, na kuma ɗauka abin da aka rasa kawai shi ne mutum mai ilimi da gaskiya irina. Tafiyata ta sauya. Na riƙa sara wa madubi (sau da dama, ban musa ba). Don murna, na buga wa abokan karatuna na Ƙanƙara da Sabuwa waya na ce na zaɓi ɗan sanda, su zo ranar Asabar mu yi bankwana.

Abu ɗaya na manta ban faɗa musu ba. Tun da aka shiga wannan fitina, garinmu ya yi doka: duk masu zuwa da babura da yawa sai su tsaya bayan gari, su kashe inji, su aiko mutum ɗaya da ƙafa ya yi sallama. Ƙarar babura a tare ba ƙarar baƙin arziki ba ce a wurinmu.

Ranar Asabar bayan La'asar aka zauna a ƙofar gidan Kawu Lawal, yayan mahaifiyata, wanda ya yi ritaya yana sajan. Mahaifina, da ciwon gwiwa ya hana shi doguwar tafiya, shi ya tara dattawa don su ja mini kunne.

“Ni dai ka tahi ofis ka zamna,” in ji Baba. “Kujera ba ta harbin kowa.”

Kawu ya dube ni daga sama har ƙasa. “Yaro, aikin nan ba guga da takalmi ba ne. Ka taɓa jin ƙarar bindiga kusa?”

Wannan tambaya ta ɓata mini rai matuƙa. Na miƙe tsaye, na gyara hula, na yi jawabi. Na yi magana kan kishin ƙasa, na la'anci ragwanta, na ce al'ummar da 'ya'yanta masu ilimi suka ɓuya bayan tebur ta ci amanar kanta. Na rufe da cewa, “Wallahi Kawu, ranar da suka shigo garin nan, ni za ku gani a gaba!”

Ban gama sauke hannuna ba muka ji ƙugin babura daga gabas. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wata mata ta ƙwalla ƙara, “Ga su nan!”

A nan nake so mai karatu ya yi mini adalci. Ban yanke shawarar gudu ba. Ƙafafuna ne suka yanke ba tare da sun tuntuɓe ni ba. Na tsallake tabarma, na tsallake buta, na tsallake ƙafar mahaifina mai ciwo, na faɗa cikin gida. Idona ya sauka kan rumbun Kawu, wanda ke da 'yar ƙofa a gefe da ake zura hannu a jawo damin gero. Na cusa kai, kafaɗu suka wuce, ƙugu ya ƙi. Na yunƙura gaba, babu hanya. Na yunƙura baya, rigata ta naɗe ta toshe. Rabina cikin gero, rabina a tsakar gida.

Ina cikin duhu ina karanto duk addu'ar da na sani, sai na ji kalangu. Na kasa kunne. 'Yan bindiga ba sa zuwa da makaɗi. Sannan muryoyi suka tashi: “Ofisa! Ofisa! Ina Ofisa?”

Abokaina ne. Har da maroƙi suka ɗauko.

Daga baya na samu labarin cewa Kawu, da furfurarsa, ya tura mata da yara ɗaki, ya jawo Baba zaure, ya tsaya bakin ƙofa da sanda. Shi ya fara gane su, shi ya wanke su tas kan karya dokar gari, shi kuma ya jagorance su har gindin rumbu.

“Ga Ofisanku nan,” na ji ya ce. “Yana binciken sirri ne cikin gero.”

Bashir, abokina na Sabuwa, ya durƙusa kusa da takalmana. “Ranka ya daɗe, an kama su ne, ko a ƙaro dakaru?”

“Ku ja shi a hankali,” in ji matar Kawu, “kar ku fasa mani rumbu!”

Mutum biyu suka kama ƙafafuna suka ja. Na fito ba hula, ƙaiƙayi har cikin kunne. Masu cewa na yi kuka ƙarya suke yi, kuma ina so a rubuta haka: ƙaiƙayin gero ne ya shiga idona. Masu cewa maroƙin ya yi mini kirari a wannan hali, abin baƙin ciki, gaskiya suka faɗa.

Abin da ya fi ƙona ni ba dariyar ba ce. Baba ne, da aka tallabo shi ya shigo, ya dube ni ba fushi ba dariya, ya ce, “Alhamdu lillahi. Ashe dai tsallenka lahiya lau. To mi ka yanke?”

Na sunkuyar da kai. “Ofis, Baba.”

Ranar Litinin na kama aiki a Katsina, kuma ina yin sa tsakani da Allah. Babu fayil ɗin da ya taɓa ɓata a hannuna. 'Yan sandan da ke kwana a dajin yankinmu kuwa, girmansu ya ninku a idona. Darasin da na ɗauka shi ne, kafin mutum ya zaɓi aiki, ya dace ya kira ƙafafunsa taron shawara, domin ranar tsanani ba bakin da ya yi jawabi ake tambaya ba.