Ganga da Butar Shayi

"Ni da Mai Kamfani? Ai hanta da jini ne! Kujerar sabon reshe tawa ce, ko an ƙi ko an so. Kuma ku shaida, hannun nan nawa ba zai taɓa riƙe butar shayi ba. Shayi aikin mata ne."

Ganga ke nan, abokin aikinmu a kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse. Mu muka laƙaba masa sunan, don in ya buɗe baki har bakin titi ake jinsa, in ka leƙa ciki kuwa fanko. Ga tumbi yana riga shi shiga ofis, ga turare mai sa atishawa.

Bari in gaya maka yadda ake yi a wurinmu. Duk ranar taro, da an zauna sai Ganga ya juya wajen Injiniya, mace ɗaya tilo a teburin, ya kashe murya: "Ƙanwata, a ɗan taimaka mana da ruwan zafi mana. Hannunki akwai albarka. Baiwa irin taki ba a wasa da ita." Sai ta tashi ta nufi kicin. Kafin ruwa ya tafasa an gama rabon ayyuka, manya ga Ganga, ragowa gare ta. Wallahi abin yana ci mini rai, don rabin rijiyoyin da yake taƙama da su ita ta nuna inda za a haƙa.

Ana nan aka kawo mana sabuwar Manaja, mace gajeriya mai magana ƙasa-ƙasa. Taro ɗaya ta zauna ta gano bakin zaren.

Ta ce, "Daga yau shayi karɓa-karɓa ne. Ni zan fara." Kuma ta tashi ta dafa.

Da layi ya zo kan Ganga, sai ya kashe mana ido ya shige kicin, ya miƙe ƙafa yana latsa waya. A lissafinsa taro ba zai motsa ba sai da shi, dole a aiko a ba shi haƙuri. Shiru-shiru ba a aiko ba. Da ya gaji ya fito da buta, ya tarar ana tattara takardu, an riga an ba Injiniya babban aikin watan.

"Ranki ya daɗe, ai ban zo ba!"

"Ba haka aka saba ba? Mai shayi yana kicin, taro yana tafiya."

Ganga ya haɗiye, ya sake dabara. Ya raɗa mini, "In na ɓata shi sau ɗaya, ba mai ƙara sa ni." Da ranarsa ta zagayo ya antaya gishiri a buta, ya shigo yana murmushin mugunta. Manaja ta dubi shayin, ta dubi murmushin.

"Malam, ka sha wahala. Kai za ka fara."

Ya kurɓa. Idanunsa suka kaɗa suka yi jawur, jijiyar wuya ta miƙe.

"Yaya?"

"Zuma, ranki ya daɗe! Zuma!"

"To tunda zuma ne mun bar maka butar, kada a yi almubazzaranci."

Ranar dai yini ya yi yana zarya tsakanin famfo da banɗaki.

Sai ga babbar rana, ranar da Mai Kamfani zai zo da kansa ya zaɓi shugaban sabon reshe. Tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa, layin shayi ya sake faɗawa kan Ganga. Ya roƙi direba su yi musanya, ya roƙi mai gadi, kowa ya ce ai zumarsa ake jira. Nan ya tuna da matarsa, wadda ya daɗe da hana ta aiki da takardun karatunta. Ya lallaɓe ta ta dafa masa mai citta da kanumfari, ta cika filas. Ya iso yana ƙafafa: "Yau ba kicin, ba gishiri. Ina zaune kusa da aminina, kujera za ta zo ta same ni."

Mai Kamfani ya shigo, dattijo mai furfura. Ganga ya yi wuf ya zuba masa. Tsoho ya kurɓa ya lumshe ido.

"Kai! Ƙaro."

"Yallaɓai, game da reshen nan, ni a ganina..."

"Ƙaro, ɗan albarka."

Ganga yana zubawa, Injiniya tana bayani, inda ruwa yake, inda dutse yake, da yadda za a horar da mata su riƙe injin haƙa. Duk sanda Ganga ya buɗe baki, sai a miƙo masa kofi. Filas na ƙarewa, tsoho ya buga tebur ya ce reshe na Injiniya ne. Sannan ya juya wajen Manaja.

"Kin yi dabara da kika ɗauko mai shayi. Yaushe ya fara aiki da mu?"

Direba ya cusa kai ƙarƙashin tebur, kafaɗunsa na rawa.

Ganga ya ce, "Yallaɓai, ni ne fa..."

"Madalla. Yaya sunanka, bawan Allah? Duk ranar da zan zo, kai nake so ka dafa."

Ka ji hanta da jini! Injiniya ta miƙa masa kofinta cikin ladabi ta ce, "Yayana, hannunka akwai albarka. Baiwa irin taka ba a wasa da ita."

Da yamma ya koma gida jiki a sanyaye, ya fara roƙon matarsa ta riƙa cika masa filas a ɓoye, kada asiri ya tonu. Ta saurare shi har ya gama, tana goge takalmanta.

"Ayya, Baban yara, ka makara. Injiniya ta kira ni, ta ba ni labarinka kaf, kuma ranar Litinin zan fara aiki a sabon reshe." Ta tura masa buta da ashana. "Tunda an ce kai gwani ne, fara da nawa. Kuma gishirin na ɓoye shi."