Sinyo Manga ya zaga da mu Sifaniyar Jalingo

Jalingo ta yi sa'a da Allah ya ba ta Malam Ukasha Manga, mataimakin darakta a sashen yawon buɗe ido na wata ma'aikata. Wasu garuruwan sai sun yi shekara ɗari ba su samu irinsa ba, mu kuwa ga shi a unguwar Majidaɗi muna gaisawa da shi kyauta.

Bara aka tura shi taro Madrid, babban birnin Sifaniya. Kwana huɗu ya yi, ɗaya a filin jirgi. Ya dawo da hula mai faɗin faifai da sabon suna, Sinyo, wai haka ake kiran manya a can. Tun daga ranar ko gaisuwar mutuwa ya je sai Madrid ta shigo. Abin da ya fi tinƙaho da shi motar haya. Ya ce ya haddace basbas ɗin birnin kamar karatun allo. Masu hassada na cewa sau ɗaya ya hau, barci ya kwashe shi, direba ya tashe shi a inda ya ɗauko shi. Mu dai ba mu biye wa mahassada. Ai zagaya gari ya yi.

Bana sai ga wata gayyatar, zuwa Meziko, kujera ɗaya tak. Babbar sakatariya, Hajiya Hajaratu, ita ke da wuƙa da nama. Sinyo ya ga kujerar nan ba ta dace da ƙugun kowa ba sai nasa. Don ya tabbatar wa Hajiya, ya shirya abin da ya kira Rangadin Wuraren Tarihin Sifaniya na Jalingo, a motar haya. Babbar baƙuwa kuwa Dakta Pilar, 'yar Meziko, wadda ta shekara bakwai tana duba mata masu ciki a wani ƙaramin asibiti a bayan gari.

Rebeka, ƙaramar ma'aikaciyar da ke zuwa aiki a keke napep kullum, ta ce, “Oga, da mun ɗauki keke biyu shata, su jira mu duk inda muka sauka.”

Sinyo ya dube ta da tausayi. “Rebeka, a Madrid ba a shata. Minista da leburan gini kujera ɗaya. Wannan shi ne ci gaba.”

Abin da ya manta ya faɗa, shekara goma sha tara ke nan bai sa ƙugunsa a kujerar keke ba. Direbansa Obadiya ke kai shi ya dawo da shi, shi kuwa yana baya yana karanta jarida. Ranar ya ba Obadiya hutu, don duniya ta shaida.

Zangon farko gidan kallon ƙwallo ne a Majidaɗi, rumfar kwano da bencina takwas. Sinyo ya cire hula. “A nan ruhin Sifaniya ke sauka duk Asabar,” in ji shi. Wata akuya da ke kwance ƙarƙashin benci ta saurara har ƙarshe, ita kaɗai.

Zango na biyu shagon aski a Mayo Gwoi, an rubuta Barcelona a ƙofa da fenti, harafi ɗaya ya goge. Sinyo ya yi minti ashirin yana bayanin tsarin ginin. Mai shagon ya ce shi sunan ma gadonsa ya yi wurin wanda ya sayar masa da shagon. Dakta Pilar ta yi murmushi irin na likitan da ya gane ciwo amma bai ga amfanin faɗa ba. Hajiya Hajaratu, wadda ta zo a matse tsakanin buhun gawayi da mai tallan kaji, ta fara duba agogo.

Zango na uku Kasuwar Jalingo, layin masu tumatir. A nan Sinyo ya kai ƙololuwa. Ya juya wa tawagarsa baya, ya fuskanci kwanduna, ya ɗaga hannu.

“Jama'a, tafiya mabuɗin ilimi. A Sifaniya akwai garin da ake ware rana guda ana jifan juna da tumatir. Mota-mota. Har ya malale a titi kamar ruwan Agusta. Mu nan me muka sani? Miya.”

Mai tumatir ta jawo kwandonta kusa da ƙafa. “Baba, in jifa ne, je ka layin masu dutsen niƙa.”

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Sinyo ya ci gaba, daga tumatir zuwa wasan bijimi, daga bijimi zuwa abin da ya gaya wa wani Bature a lif ɗin hawa bene. Ana cikin haka hadari ya haɗo. Rebeka ta tare keke, ta saka Hajiya, ta kira Oga sau biyu. Oga yana tsakiyar lif. Mai keke ya ga fasinja biyu na ɗaga hannu, ya cika ya tafi. Keken da ba shata ba ba ya jiran jawabi, ko a Madrid.

Da Sinyo ya waiwayo, ba kowa. Ga shi ƙarfe biyu za a yi taron rufe rangadin a ofis, a gaban Hajiya. Ya tare keke ya faɗa ciki, ya ce abin da ya saba ce wa Obadiya: “Ofis.”

“Wane ofis, Baba?”

“Ofishina mana.”

Mai keke ya kai shi ofishin da ya fi masa kusa. Na biyu ya kai shi tasha. Na uku, da ya gaji da jin labarin Madrid, ya maido shi kasuwa daidai inda ya fara. A nan ma sai mu ce zagaya gari ya yi. Ruwa kuma ya sauko, hular Sifaniya ta kwanta masa a kunne kamar ganyen kabewa.

A haka Dakta Pilar ta same shi, ta fito daga cefane da ledar kuɓewa. Ta ɗaga yatsa, keke ya tsaya, mai keken ya ce, “Mama Dakta, ina zuwa?” Ta kwatanta masa hanyar ma'aikatar Sinyo dalla-dalla da Hausarta ta asibiti, ta zaunar da Sinyo, ta gyara masa bakin riga kada ya jiƙe.

Ƙarfe huɗu saura suka iso. Hajiya na tsaye a baranda, takardar Meziko a hannunta, Rebeka a gefe. Mai keke ya riƙo hannun Sinyo har gaban matakala, ya gaishe da Hajiya da ladabi.

“Ranki ya daɗe, Mama Dakta ta ce in damƙa shi hannu da hannu. Wai baƙo ne, bai san gari ba.”

Hajiya ta dubi Sinyo, ta dubi hular. Ta miƙa wa Rebeka takardar, ta ce wa mai keke ya jira, akwai wanda zai mayar Majidaɗi.