Ranar da Laka Ta Riƙe Ni a Kwarin Tarka

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka shigar da motar haƙa rijiyar foraj, wato ta burtsatse, cikin kwarin Tarka. Damina ta sauka, ƙasar wurin ta koma kamar kunu, ga mutanen ƙauyen da za mu yi wa rijiyar sun gaji da shan ruwan tafki tare da shanu. Direban motar, wani mutumin Tanout, ya rantse ba zai shiga ba sai an yi masa hanya. Ni ne shef ɗin shantiye, wato shugaban aikin, na ce za a yi.

Muka kwashe lakar sama, muka shimfiɗa wani ƙyalle mai kauri da ke hana ƙasa haɗiye tsakuwa, muka riƙa zuba jar ƙasa a kai ana dannewa da inji. Ruwan sama ya cinye gefe guda, muka sake. Na ce ko a ka za mu ɗauke ta, sai motar nan ta shiga.

Ranar shigar, ƙauyen duka ya fito kallo, har da surukina Malam Habu, da ya zo cin kasuwa daga Belbeji (mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi). Na tsaya gaban mota ina ja da baya, ina kaɗa wa direba hannu kamar jandarma. Hanya ta ɗauki mota tsaf. Ni ne na manta inda gefenta ya ƙare a wata kwana.

Sai ji na yi na nutse har ƙugu. Mata suka kwashe da dariya. Leburori suka taho ceto, na daka musu tsawa su koma, don in motar ta tsaya a kwanar nan, ta zauna kenan. Daga cikin lakar na ci gaba da kaɗa hannu har ta wuce.

Malam Habu ne ya miƙo mini sandarsa. Ya ja, na fito, amma takalma da wando suka zauna a ciki (tazuge ya ci amanata). Tsohon ya warware rawaninsa ya miƙo mini, idonsa na can sama, ya ce, "Hanya ta yi kyau, ɗana."

Tun daga ranar, duk hanyar da na yi sai na kafa sanduna a gefenta. Leburori na cewa don direbobi nake yi, ni kuwa ba na musu.