Rasuwar Dattijuwa, Kwamfutar Lawal Ɗan Mai Albasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ta ƙi yarda da abin da ido ya gani, Lawal ɗan Malam Kallamu mai albasa a Kasuwar Oil Mill, Fatakwal, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Laraba da hantsi, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ta shigo hannunsa ne a shekarun da mai ke tsada, lokacin da ma'aikatan kamfanoni ke yar da abin da bai mutu ba. A wurin 'yan gwangwan ya tsinto ta, ba batir, murfinta ɗaure da robar tayar okada. Masu gyara suka ce ta tsufa da ɗaukar manhajar kuɗi. Sai ya zuba mata ta kyauta, irin wadda masu ita ke bari a buɗe, kowa ya leƙa cikinta, ya gyara, ya ƙara. Ta farfaɗo. A gabanta ne yaron da ya gudo daga aji uku na sakandare ya fara sanin zama wuri guda. Ya riƙa tambaya a intanet da guntun Turancinsa, mutanen da bai taɓa gani ba suna amsa masa, ba wanda ya ce ina takardarsa.

Da abin da ya koya ya haɗa aikin da aka san ta da shi: saƙon safe mai shiga wayar direbobi da fatake, yana faɗa musu hanyar da ke lafiya tsakanin Fatakwal, Anacha da Inugu, da wadda rikici ya tashi a kanta. Dattawan da suka taɓa gudu lokacin yaƙi suka dawo, su suka san darajar labarin da ya iso da wuri.

Malam Kallamu dai bai taɓa yabawa ba. Da ya ji ɗansa ya saki aikin a fili kowa ya ɗauka, ya ce wawa ke haƙa rijiya ya bar ta ba murfi. Lawal ya ce ai shi ma a rijiyar wasu ya sha. Suka tsaya a kan sharaɗi: muddin tana numfashi za a ƙyale shi, ranar da ta mutu kuwa ya koma kan buhun albasa. Amma tsohon ba ya sallamar mota sai an karanta masa saƙon.

Ciwon ajalinta ya soma da damina, da ɗakin ya yi yoyo. Fankarta mai cewa "fuuu" a hankali ta koma "ƙarr-ƙarr" kamar mai tarin tsufa. Lawal ya shanya ta, ya yi mata fifita da kwali, ya kwana biyu yana ɓoye wa mahaifinsa halin da take ciki. Kalmarta ta ƙarshe "ƙit" ce, fuska ta yi baƙi.

Ta bar caja mai ɗauri uku, da 'ya'ya biyu da suka fito daga aikin nan da aka saki. Ɗaya na Kasuwar Ochanja a Anacha, hannun wani Yero, wanda ya koya masa Ibo da buroka. Ɗaya na unguwar Asata a Inugu, hannun wata Baiwa, wadda ta sa shi magana da murya saboda waɗanda ba su karatu. Duk sun fi uwarsu ƙwazo. Wannan ne ke sanyaya ran Lawal, shi ne kuma ke ƙona shi.

Ba za a binne ta ba. Gilashinta za a ba direban Anacha ya kai wa Yero, maɓallanta su tafi wurin Baiwa. Za a yi zaman makoki a rumfar albasa, layin bayan masallaci, domin a nan za a riƙa samun mai makokin daga yanzu. Kada masu ta'aziyya su ce masa zai samu wata.

Saƙon gobe daga Asata zai fito. Malam Kallamu ya riga ya ce Lawal ne zai karanta masa, kafin ya fara sauke buhu.